Ganyen Sin da Tukunyar Sarki Ranau

A zamanin da ganuwar Birnin Ƙirya ke tsaye, mahayin raƙumi ma ba ya hango cikin gari, an yi wani sarki da ake kira Ranau. Tsofaffin da suka riƙe labarinsa ba su cika farawa da yaƙe-yaƙensa ba, da ciwonsa suke farawa.

Zazzaɓi ne ya kama shi a fadamar Rafin Gora, inda ya yi sansani da damina yana tsare iyaka daga mayaƙan Sarkin Burji. Ya dawo gida da shi. Ba irin zazzaɓin da ke kayar da mutum sau ɗaya ya ƙyale shi ba ne. Yau zai sake shi, har ya zauna ya ci tuwo ya yi dariya, gobe da hantsi sai sanyi ya shige shi, haƙora na haɗuwa, a yi ta jibga masa barguna. Kafin azahar jiki ya ɗau zafi kamar ƙarfen da aka ciro daga maƙera, sannan gumi ya jiƙa shimfiɗa. Haka aka yanke gero, haka dawa ta nuna. Idonsa ya koma launin ɗorawa, zoben azurfar da ke yatsansa ya fara zamewa da kansa.

Mai jinyarsa ita ce yayarsa Hakama, wadda ke riƙe da sarautar Magajiya, mace ɗaya tak da ke zama a majalisar fada. Uwarsu ta rasu Ranau na goye, Hakama ce ta ƙarasa goyon. Babu abin da ba ta nemo ba: ɓawon maɗaci, saɓara, rai-ɗore, rubutun malamai. Wanda ya taɓa jinyar nasa ya san yadda ranar sauƙi ke yaudarar mutum. Kowace ranar sauƙi sai ta ce ya tafi ke nan, washegari ta sake ɗauko barguna.

Abu biyu ne suka hana Magajiya kwanciyar hankali, kuma duka al'adun gidansu ne. Na farko, in aka buga tambarin yaƙi sarki bai iya hawa doki ya wuce gaba ba, masu zaɓen sarki kan warware masa rawani su fitar da shi ta ƙofar yamma. Duk wanda aka fitar ta ƙofar nan, ba a ƙara jin labarinsa ba. Na biyu kuwa Tukunyar Sarki. Tun da aka kashe wani kakansu da guba a cikin ruwan sanyi, kowane sarki ranar naɗi yakan ɗora hannu a kan takobin gidan ya rantse cewa babu abin da zai wuce maƙogwaronsa sai ya tafasa a cikin wata baƙar tukunya da wata tsohuwa ke tsaro, ana kiranta Uwar Tukunya. Ruwan sha sai an dafa an huce. Goro ma sai an tsoma. Sarkin da ya karya wannan rantsuwa, ya sauke kansa daga gado da hannunsa.

Da kaka ta yi nisa, alamu suka fara. Fatar babban tambari ta tsage ba wanda ya taɓa ta. Ungulaye suka mai da soron fada wurin kwanansu, a kore su su dawo. Sai ga manzo daga iyaka, ƙafafunsa duk taɓo, ya faɗi gaban fada ya ce ruwan Rafin Gora ya sauka zuwa gwiwa, Sarkin Burji kuma ya aika wa duk dagatansa da kibiya, alamar su taru.

Aka kira majalisa a ranar da zazzaɓin ya saki Sarki. An tokare shi da matasai, an ja rawani ya rufe ramar fuskarsa. Magajiya na zaune a hagunsa, tana jin yadda numfashinsa ke fita da ƙyar. Galadima Nomau, babban masu zaɓen sarki, yana dama, farin gemu, murya mai sanyi, mutum ne da ba a taɓa jin ya ɗaga harshe ba. Kusa da shi Ciroma Anaruwa, ƙanen Sarki ta wajen uba, idonsa a ƙasa.

Madawaki Dagazau, shugaban mayaƙa, shi ya fara. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ni ba malami ba ne, ba boka ba. Amma na kawo mutumin da ya ce yana da abin da zai tashe ka. In ƙarya yake, wuyansa na hannuna. Ga shi ma da ƙiba, ba zai yi wuyar kamu ba."

Aka shigo da Madugu Cindo, attajirin fatake mai yatsu shida a hannun dama, wanda ya yi shekaru a gabas har ya sauke farali. Mutum ne mai son a saurare shi. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya warware wani ƙyalle, sai ƙamshi mai kaifi ya cika zauren. Ganye ne kore shar, mai ƙananan yatsu, kamar ɗan'uwan tazargade.

Ya ce, "Zaki, Allah ya ja zamaninka. A bakin teku na kwanta da irin wannan ciwo naka, har abokan tafiyata suka fara rabon raƙumana a bakinsu. Sai wani tsoho mutumin ƙasar Sin, mai maganin wani jirgin ruwa, ya gan ni. Gajere ne, gemunsa kamar jelar akuya. Ba na jin harshensa, ba ya jin nawa. Yana da wannan ganye a shuke cikin tukwane a jirginsu. Ya ciro cikin tafin hannu, ya jiƙa a ruwan sanyi, ya matse da ƙyalle, ya ɗura mini. Ɗaci, ranka ya daɗe, har cikin kunne. Amma ciwon bai ƙara waiwayo ni ba. Da za mu rabu ya ba ni irinsa, ƙanana kamar yashi, na zo na yafa a bakin rijiyar lambuna, ga shi ya kama."

 Magajiya ta dubi Galadima, ta ga yana gyaɗa kai kamar mai jin daɗi.

Galadima ya ce, "Madalla da Madugu. Allah ya kawo mana sauƙi daga inda ba mu zata ba. A kai wa Uwar Tukunya ta dafa."

Madugu ya ɗaga hannu. "A'a, ranka ya daɗe, ba a dafa shi."

"Ban ji ba, Madugu. Kunnen tsufa. Ɗaga murya dattawa su ji."

Madugu ya gyara zama, ya ji daɗin samun fili. Ya ce, "Wuta kashe shi take. Tsohon nan da kansa ya nuna mini. Ya jefa wani a tafasasshen ruwa, ya ɗauka ya zubar a ƙasa, ya taka da ƙafa. Wanda ya ga wuta ruwan banza ne, ko tulu guda mutum ya sha ba zai warke ba."

"Ko tulu guda," in ji Galadima.

"Ko randa, ranka ya daɗe. Na rantse da kabarin mahaifina."

 Madugu ya duba hagu ya duba dama, sannan ya tuna a gaban wa yake, ya sunkuyar da kai.

Madawaki ya ce, "Galadima, Burji na ɗaura sirdi, mu muna zancen tukunya? Wanda ya kafa al'adar nan guba yake gudu. A ba ni in fara sha a gabanku. In na mutu kun huta da surutuna."

Galadima ya ce, "Madawaki, takobinka ya tsare garin nan, kowa ya sani. Amma ba takobi kaɗai ke riƙe da Ƙirya ba. Sarakuna sun zo sun wuce a kan wannan rantsuwa, wasunsu sun yi ƙishi a fagen fama, ga ruwa a gabansu, suka haƙura har aka hura wuta. Talaka na biyayya ga Sarki ne don ya san Sarki ma akwai abin da yake wa biyayya. In muka kwance wannan yau saboda ciwo, gobe da me za mu ɗaure wani? Ni ban hana magani ba. Na ce a bi da shi ta hanyar da kakanni suka shata."

Magajiya ta ce, "Galadima, kana jin mai abu ya ce wuta na kashe shi."

"Na ji, ranki ya daɗe. Allah ke warkarwa, ba ganye ba."

Duk ido ya koma kan Sarki.  Ya ce, da murya kamar ta mai magana daga cikin rijiya, "Na ɗora hannu a kan takobi. A dafa."

Aka dafa. Tasalla Uwar Tukunya ta kawo shi a ƙoƙo, baƙi-baƙi, ƙamshin ya gudu. Sarki ya sha da safe, ya sha da la'asar. Washegari da hantsi sanyin ya zo a kan lokacinsa, ya ma fi na da. A wannan karon Sarki ya yi ta sambatu, yana kiran Hakama da sunan mahaifiyarsu. Aka ci gaba da dafawa, ciwo ya ci gaba da zuwa. Fadawa suka fara rage zama a ƙofar Sarki, ana ganin takalmansu a ƙofar Ciroma.

Sai manzo na biyu ya iso. Burji sun ƙetare rafi, sun ƙone rumbunan ƙauyukan iyaka. Majalisa ta yanke cewa da tsayuwar sabon wata za a buga tambari, wanda aka riga aka ɗinke.

Ran nan da rana tsaka Magajiya ta yafa mayafin baiwa, ta fita ta ƙofar bayi, ta nufi lambun Madugu Cindo. Ta same shi zaune bakin rijiya ya yi tagumi, duk surutun ya ƙare. Da ya gane ta ya zube ƙasa.

"Ranki ya daɗe, ki rufa mini asiri. Ni falke ne, ban san bakina zai kai ni nan ba."

Ta ce, "Tashi, Madugu. Ban zo ka ba ni komai ba. Juya bayanka ka dubi garu. Abin da ba ka gani ba, ba za a tambaye ka ba."

Ya juya. Ta ciri ganyen da hannunta, ta cusa a zani. A ɗakinta ta kori bayi, ta ɗebo ruwan randa, ta jiƙa, ta jira, ta matse da gefen mayafinta har yatsunta suka yi kore. Tana fitowa suka yi kiciɓis da Tasalla ɗauke da dafaffen. Tsohuwar ta dubi ƙoƙon da ke hannun Magajiya, ta dubi yatsunta.

Tasalla ta ce, "Ni dai tukunyata ta tafasa. Hayaƙi kowa ya gani."

"Haka ne, Baba Tasalla. Kawo in kai masa, ki je ki huta."

Sarki na kwance, ranar sauƙi ce, idonsa biyu. Ta tallafo kansa kamar yadda take yi yana yaro. Ya leƙa ƙoƙon ya tsaya.

"Yaya, wannan kore ne. Na jiya ba haka yake ba."

"Sha."

"Ya ga wuta?"

"Kada ka tambaye ni, Ranau."

Ya kawar da kai. "Kin san abin da na rantse."

Ta ce, "Ina tsaye a bayanka ka rantse. Ni ban ɗora hannu a kan takobin kowa ba. Na binne Inna, na binne Baba, na binne 'ya'yan da na haifa duka. Kai kaɗai ka rage mini. Ba zan tsaya in ga an warware maka rawani an tura ka gaba kamar ragon layya ba. In akwai alhaki, a wuyana yake. Buɗe bakinka."

"In aka sani fa?"

"Wa zai faɗa? Ni ko kai?"

Ya dube ta har hawaye ya taru a idonsa, ko na ciwo ne ko na wani abu, ba ta sani ba. Ya karɓa ya shanye, ya yamutse fuska ya ce, "Madugu bai yi ƙarya ba, har cikin kunne." Suka yi 'yar dariya tare, wadda suka daɗe ba su yi ba. Dafaffen kuwa ta zubar a gindin rumfa.

Haka ta riƙa yi kowace safiya. Ranar zazzaɓi ta zo, Magajiya ta ɗauko barguna ta zauna tana kallon inuwa. Hantsi ya yi, ya wuce. Azahar ta yi. Sarki ya ce a kawo masa nama. Ranar zazzaɓi ta gaba ma ta wuce lami lafiya. Kafin wata ya tsaya, Ranau ya fito tsakar gida da ƙafarsa, ya sa aka ɗaura wa dokinsa sirdi ya zaga fada.

Gari ya ɗauki murna, amma babu wanda ya kai Galadima. Ya yanka shanu ya raba, ya sa sanƙira ya bi kasuwa yana shelar cewa Sarki ya warke sarai, kowa ya zo ya gani da idonsa. Ya zo har sashen Magajiya yi mata barka.

Ya ce, "Jinya ta yi kyau, ranki ya daɗe. Ashe Madugu bai san ganyensa ba. Ga shi an dafa, kuma ya yi aiki."

Ta ce, "Allah ke warkarwa, kai ka faɗa."

"Ni na faɗa." Ya yi murmushi, ya tashi ya gyara riga. Bayan fitarsa Magajiya ta ji sanyi ya ratsa ta har ƙashi, ga rana kuwa tana dukan ƙasa.

Aka buga tambari. Sarki Ranau ya hau ya wuce gaba, Madawaki a damansa. Bisa al'ada Galadima ke riƙon gari in Sarki ya fita, Ciroma kuma ba ya shiga fage ɗaya da Sarki, don kada gida ya ƙare a rana guda. Magajiya ta tsaya a kan soro har ƙurar rundunar ta ɓace. Ta so ta gaya wa ƙanenta kada ya bar gari a hannun mutumin nan, amma me za ta ce ya yi? Barka kawai ya yi mata.

Manzon yaƙi ya iso wata rana da hantsi, dokinsa na kumfa. A gaban fada ya ba da labari, jama'a sun kewaye shi. Ya ce a mashigin Rafin Gora aka haɗu. Burji sun zo da sanin cewa Sarkin Ƙirya na kwance, har mawaƙansu na yi masa zambo. Da suka hango farar laima, suka ga Ranau da kansa a ƙarƙashinta, sai sahun gaba ya fara waige. Madawaki ya ɓullo musu ta cikin dawar da ba a yanke ba, 'yan baka suka yi musu ruwan kibiya daga gaɓa, Sarki ya kutsa tsakiya da 'yan lifida. Aka tura su cikin laka, dawakansu suka kafe. Sarkin Burji ya tsere ba rawani, an kwashe tamburansa. Rundunar na hanya.

Mata suka rangaɗa guɗa. Magajiya ta durƙusa a inda take ta yi godiya ga Allah. Ba ta tashi ba sai ga dogari a kanta, ya ce Galadima na kiran majalisa yanzu.

Ta tarar zauren cike da dattawan da ba su fita yaƙi ba, masu zaɓen sarki duk suna nan ban da Madawaki. An ɗauko takobin gidan an ajiye a kan buzu. Madugu Cindo na durƙushe a tsakiya. A gefensa bayi biyu na gidan Galadima, ɗaya a tsaye garau, ɗaya a kwance cikin bargo yana karkarwa.

Galadima ya ce, "Dattawan Ƙirya, Allah ya ba mu nasara, mun gode masa. Amma akwai maganar da ta fi nasara nauyi. Madugu, me ka ce a wannan zaure game da ganyen da ya ga wuta?"

Madugu ya ce a hankali, "Na ce ba ya magani."

"Ko tulu guda?"

"Ko tulu guda, ranka ya daɗe."

"Ban tsaya a kan maganar fatake ba. Waɗannan bayina ne, zazzaɓin fadama ya kama su tare. Wannan na ba shi dafaffe, ga shi a kwance. Wancan na ba shi ɗanye, ga shi a tsaye. Sarki Ranau kuwa dukanku kun gan shi a kan doki, ni na kira ku ku gani. Ban kawo mai shaida ba, ban tambayi baiwa ko bara ba. Lafiyarsa ita ce shaida. Ku gaya mini, wanne ya sha?"

 Wani tsoho ya fara kuka a hankali.

Magajiya ta miƙe. Ta ce, "Ni na ciro, ni na jiƙa, ni na ba shi. Yana cikin ciwo, bai san abin da yake sha ba. Ga ni, ku yi mini abin da za ku yi."

Galadima ya ce, "Na yarda da ke, ranki ya daɗe. Amma rantsuwar ba ta ambaci sani ba, maƙogwaro ta ambata."

"Mutumin da ya kore muku Burji yau?"

"Shi. Kuma ba za a manta masa ba."

Nan take aka naɗa wa Anaruwa rawani. Da aka ɗora hannunsa a kan takobi, bai yarda ya haɗa ido da Magajiya ba. Aka rufe ƙofofin gari, aka jera 'yan baka a kan ganuwa. Da zauren ya watse, Magajiya ta tare Galadima a bakin ƙofa.

Ta ce, "Tun ranar da ka sa Madugu ya maimaita, ka san zan yi."

Ya ce, "Na san ke kika goya shi. Ni ma so nake ya warke, Magajiya. Wa zai kore mana Burji? Anaruwa?"

Washegari da la'asar rundunar ta iso, ana busa ƙaho, ana jan dawakan ganima. Suka tarar da ƙofar gabas a rufe, tambarin sabon sarki na tashi daga cikin gari. Kiɗan nasara ya mutu kaɗan kaɗan. Sanƙira ya hau ganuwa ya faɗi abin da majalisa ta yanke, ya faɗi dalili. Magajiya na tsaye a bayansa tsakanin dogarai biyu, tana kallon yadda maganar ke ratsa mayaƙan. Matansu da 'ya'yansu na cikin gari. Kuma da yawansu tun suna yara suka san Tukunyar Sarki ba abin wasa ba ce. Wasu suka fara saukowa daga dawaki suna ja da baya.

Madawaki ya daka tsawa daga ƙasa. "Nomau, ka leƙo mana. Mu muna can muna cin laka, kai kana nan kana auna tukunya?"

Galadima bai kula shi ba. Ya matso kusa da Magajiya ya ce ƙasa ƙasa, "Ke kaɗai yake ji. Ki ce ya sauka ya shigo shi kaɗai, ya miƙa rawani, a gama ba jini. Na ba ki alkawari ke ba abin da zai same ki. In ya ƙi, ke za ki fara biya."

"Shi fa, in ya shigo?"

"Al'ada ta san inda za ta kai shi."

Ta matsa bakin ganuwa. Can ƙasa ta hango shi, rana na dukan fuskarsa. Kumatunsa sun fara cikowa, ya zauna daram a kan sirdi, ba mai tallafe da shi. Ya ɗaga kai ya gan ta, ya fara zare ƙafa daga likkafa.

Ta ɗaga murya ta ce, "Ranau, zazzaɓin ya dawo?"

Ya ce, "Bai dawo ba, Yaya."

"Kana cin abinci?"

"Ina ci. Yaya, me suka yi miki? Bari in shigo."

"Mai da ƙafarka. Kada ka sauka daga dokin nan. Duk abin da ka ji an yi mini, kada ka sauka, kada ka shigo. Ban ba ka abin nan don ka zo ka miƙa musu wuya ba. Dagazau, ja linzaminsa ku tafi."

Dogarai suka fizgo ta baya. Ba ta ƙara ganin komai ba sai jan garu da matakala. Suna gangarawa da ita ta ji hayaniya a waje, ta ji muryar ƙanenta yana kiran sunanta, ta ji Madawaki na rantse-rantse. Sai ƙaho ya yi kuka sau ɗaya, ƙasa ta ɗauki rugugin kofato. Ta toge a tsakiyar matakala tana saurare. Ba dukan rundunar ba ce, ko rabi ba su kai ba, amma nesa suke yi.

Galadima ya sauko ya tsaya a samanta. A karon farko muryarsa ta yi rawa. Ya ce, "Kin san abin da kika jawo wa garin nan? Sarki biyu, ɗaya a ciki ɗaya a daji. Yaran da ke goye yau za su girma su tarar da wannan yaƙi." Ya juya ga dogarai. "Ku tafi da ita."

Magajiya ba ta dube shi ba. Ta tambayi dogarin da ya sauko daga sama a ƙarshe, wani dattijo da ya daɗe yana yi wa gidansu bauta, ta ce, "Ka gan shi da idonka? A kan doki yake?"

Dogarin ya saci kallon Galadima, ya sunkuyar da kai ya ce, "A kan doki yake, ranki ya daɗe."

Ta gyara mayafinta ta ce, "To, mu je."